Waya Ɗaya, Fari Biyu

Zuwa ga Uwata,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da ɗalibanki. Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Innarki tana gaishe ki.

Direba ya kawo saƙo ranar Litinin. Waya ta iso cikin kwalinta, ko ƙwarzane babu. Allah ya yi miki albarka. Na san za ki ce ga waya a hannu, me ya kawo takarda. Gaisuwa dai a yi ta a waya, amma magana mai nauyi ni a rubuce na saba yin ta, kuma direba bai ce ya gaji ba.

Kin ce in nemi wanda zai koya mini. Ban nemi kowa ba. Telan da ya shekara arba'in da ɗaya yana kwance keken ɗinki yana mayarwa, ba gilashi mai faɗin tafin hannu ne zai gagare shi ba. Ranar farko dai mun ɗan yi rigima. Ina danna ta da ƙarfi kamar tsohuwar wayata mai maɓallai, ashe ita lallashi take so. Da na gane shafa ta ake yi kamar ana duba laushin yadi, shi ke nan ta miƙa wuya. Ta ce in ɗora babban yatsa don ta riƙa gane ni. Sau biyar tana cewa ba ta san ni ba, don allura ta cinye zanen yatsan tun ba a haife ki ba. Na miƙa mata ƙaramin yatsa, wanda bai taɓa tsinana komai a shago ba, nan take ta karɓa. Mai aski, maƙwabcin shagona, ya yi dariya har sai da ya ajiye almakashi.

Sautinta garau, cajinta yana kwana biyu, kuma na ɗinka mata jaka mai shafi biyu. Sai dai akwai aibi ɗaya, kuma ba zan ɓoye miki ba. Gilashinta ba fari ba ne. Farin ya yi ruwan shayi, kamar yadin da ya daɗe a kanta, rubutun kuma dishi-dishi. Na goge da ƙyalle mai laushi. Na fita da ita bakin ƙofa yadda nake yi wa zare da yadi in zan haɗa launi, a rana ma abin ya fi muni. Ina jin kwantai suka ba ki ganin ke mace ce mai kunya.

A 'yar takardar da kika saka cikin kwalin kin sake kawo zancen in huta. Maganata ɗaya ce: ranar da na kasa zura zare a allura, ranar zan rufe shagon nan da hannuna. Ranar kuwa ba ta zo ba. Ga shaida nan a leda, riga na ɗinka miki, farin zare a kan farin yadi. Ki duba wuyan da kyau, in kin ga inda zaren ya bi ki zo ki karɓi shagon.

Naki,
Babanki

*

Baba,

Ina gaisuwa da girmamawa. Ina fatan kuna lafiya kai da Inna, ya kasuwa?

Riga ta zauna mini kamar a jikina aka yanka ta, alhali rabon da ka auna ni tun kafin aurena. Na sa ta na je makaranta, malamai mata suka hana ni sakat da tambayar wane tela ne. Na turo maka hotona a ciki, ka taɓa koriyar alamar nan da na nuna maka a takarda za ka gani.

Zancen ƙaramin yatsa kuwa, na karanta wa maigida, shi ma ya ce a gaishe da yatsan.

Batun gilashi, Baba, sabuwa ce fil, a gabana aka yage ledarta. Wataƙila hasken ne aka rage. Ka ja yatsa daga sama zuwa ƙasa, za ka ga wani layi mai hoton rana, ka ja shi har ƙarshe. Sannan in tsokane ka kaɗan: yaushe rubutunka ya yi ƙiba haka? Da wasiƙarka shafi ɗaya take ci, wannan ta ci uku.

A gaishe mini da Inna da mai aski.

'Yarka

*

Uwata,

Gaisuwa da fatan alheri. Mun wuni lafiya.

Na ja layin ranar har ya ƙure. Abin da ya ƙaru shi ne yanzu tana kashe mini ido, farin kuwa yana nan yadda yake. Hotonki na gani, kin yi kyau, amma kamar ta bayan labule aka ɗauke ki. Na miƙa wa mai aski, ya ce shi tar yake gani. To mai aski mutum ne da zai kalli sanƙo ya ce gashi ya fara fitowa, ba a kafa hujja da shi.

Rubutuna bai yi ƙiba ba. Takardun yanzu ne layinsu ba ya fitowa, tawada suke ƙyashi.

Kayan zamanin nan duk haka suka koma. Ko makon jiya wani malamin asibiti ya dawo mini da farar rigarsa ta aiki, wai zaren aljihu bai dace ba. Na fita da ita bakin ƙofa, na juya ta gaba da baya, ban ga komai ba. Na ce masa ni na ɗinka wa ubansa rigar aiki, bai taɓa dawo da ita ba. Ya ɗauki abarsa ya tafi, ko sallama babu. Masu yin zare ne ba sa tsayawa kan launi ɗaya.

Saboda haka ranar Litinin zan ba direba wayar a kwalinta. Ki mayar musu su canza, kada ki ji nauyinsu. Ki ce babanki tela ne, ya san fari.

Babanki

*

Ke 'yar Babanta,

Ina gaishe ki. Kada ki kira ni kan wannan takardar, tsohuwar wayar tana aljihun babanki. Na ce wa direba ya ba ki hannu da hannu.

Wayarki lafiyarta ƙalau. Na ga hotonki a ciki, har ɗan kunnenki na gani.

Yau wata goma sha ɗaya ni nake zura masa zare. Kullum da safe kafin ya gama karyawa nake shiga shago da sunan shara, in zura allurar keke, in zura na hannu guda goma in soke su a jikin matashin nan ja. Bai taɓa cewa in yi ba, bai taɓa cewa na gode ba, ni ma ban taɓa cewa na yi ba. In zaren keke ya tsinke da rana sai ya leƙo ya ce in kawo masa ruwa, ya fita wajen mai aski ya daɗe. In ya dawo ya tarar an zura.

Ran da malamin asibitin nan ya tafi da rigarsa, babanki bai ci abincin rana ba. Jiya kuma na ji shi ta taga yana tambayar mai aski ko ya san mai son keke. Keken nan, kin sani, ya girme ki a gidan nan.

Na yi masa zancen likitan ido sau biyu, ya ce wansa da aka taɓa wa ido bai ƙara ganin komai ba. Shekara talatin ke nan fa, amma a wajensa kamar jiya. Ni na gaji da dabara, kuma tsoro nake ji. In ya rufe shagon nan zama zai yi ya narke. Ke yake jin maganarki, amma kada ki ce masa ido, zai toshe kunne.

Innarki

*

Baba,

Barka da war haka, ina gaisuwa.

Ga wayar na dawo da ita, ban kai ta shago ba tukuna. Kai ka koya mini ba a sa almakashi sai an auna sau biyu, ni kuma ba na son in je in tsaya gaban mai shago da awo ɗaya ya mayar da ni sakarya. Ka yi mini awo na biyu.

Ka zauna cikin shago, ba bakin ƙofa ba. Ka buɗe inda ake rubuta saƙo, inda yake fari fes. Ka rufe idon hagu da tafin hannu ka duba. Sannan ka rufe na dama ka sake dubawa. In laifin wayar ne, fari ɗaya za ka gani duka biyun, ni kuma wallahi da kaina zan kai ta in yi musu tas. In kuwa ka ga fari iri biyu, ka rubuto mini ka gaya mini wanne ne wanne.

Ba kowa zan ce ya yi wannan awon ba. Na san kai ba ka taɓa ƙara wa mutum inci don ya ji daɗi ba, ba kuma za ka ƙara wa kanka ba.

'Yarka mai ƙaunarka

*

Uwata,

Na gaishe ki.

Na auna. Sau uku ma. Da idon hagu farin ya yi ruwan madara. Da na dama ruwan shayi ne, kuma ban ga rubutun ba sam. Waya ɗaya ba ta yin fari biyu.

Ke da Innarki kun iya ƙulli. Na san da hannunta a ciki, kamar yadda na san ba aljanu ke zura mini allura ba. Tun wata goma sha ɗaya ya kamata in cika maganata in rufe shago, na yi ta yi wa kaina kwana-kwana. Wannan ya fi ciwon idon ci mini rai.

Na tafi asibitin ido ranar Laraba, ni da ita. Likitar yarinya ce, ba ta kai ki ba. Ta ce yanar ido ce, a duka biyun, kuma aikin ba ya kai yankan riga ɗaya daɗewa. Na tambaye ta da me take ɗinkewa, ta ce yawanci ba a ma ɗinki. Ban yarda da aikin da ba ɗinki ba, amma hannunta ba ya rawa, na lura da wannan.

An sa ranar sha huɗu ga wata, na dama za a fara. Ba zan yi miki ƙarya ba, tsoro nake ji, wana yana ta faɗo mini a rai. Na rufe keke da zane, ban sayar ba. Ki yi mini addu'a, kuma in kin samu dama ki zo.

Babanki

*

Uwata,

Gaisuwa da sa albarka. Ina fatan kin koma lafiya, ɗalibai ba su rushe ajin ba. Kwana ukun da kika yi mana sun yi mini rana.

Albishirinki, wayarki ta warke. Tun da aka cire bandejin ido na biyu farinta ya koma kamar sabon alli. Ki nema mini gafarar mai shagon da na ce ya ba ki kwantai, ko da yake bai san na faɗa ba. Mai aski ma na ba shi haƙuri, yanzu ba a zama da shi don baki.

Abubuwa na gani iri-iri. Bangon shago ya yi datti, ba wanda ya gaya mini. Innarki ta yi furfura sosai, kuma ta fi yadda nake zato kyau. Kada ki gaya mata.

Sai na buɗe hotonki. Na sa yatsa biyu na buɗa shi yadda kika koya mini, har wuyan rigar ya cika gilashin. Uwata, zaren ruwan madara ne. Tun daga wuya har kalmasa, ruwan madara a kan fari, ko daga tsallaken titi ana gani. Kuma kika sa ta kika shiga cikin mutane, aka tambaye ki wane tela kika ce babanki. Na daɗe ban ji kunya irin ta yau ba.

Na aika a kira malamin asibitin nan, zan sake masa aljihu. Ke ma ki ba direba rigar in farke ta. Likita ta ce sai bayan mako biyu zan taɓa keke, ta kuma ba ni tabarau na aikin kusa. Ban gwada allura ba tukuna. Matashin alluran yana nan kan tebur, ina wuce shi.

Babanki

*

Baba,

Ina gaisuwa, ina kuma murna.

Na ga zaren tun ranar da na buɗe ledar. Na kuma ga ɗinkin, ko ɗaya bai karkace ba, kuma a lokacin ba ka ganin abin da kake yi. Shi ya sa na sa ta, shi ya sa na faɗi sunan telan. Rigar nan ba za ta dawo ba, ko ka aiko direba sau goma.

Ga farin yadi nan, yadi huɗu. In kana son gyara, ka ɗinka wata.

'Yarka

*

Uwata,

Yadi ya iso. Mako biyun da likita ta ce ya cika, yau da safe na yaye zanen keke. Innarki ta shigo da tsintsiyarta kamar kullum, na ce ta tsaya nan ta gani. Na ɗauki zare na nufi kafar allura, na farko ya kauce. Na biyu ya shiga.

Ta ce ai da tabarau ne. Na ce alkawarina bai ambaci tabarau ba. Sai ta juya tana share inda ta riga ta share.

Rigarki ranar Litinin.

Babanki