Kwalbar Nagode

Laraba, 10 ga Agusta, 1988
Jiya komai ya juye. Ina tsakiyar littafi, daidai inda saurayin ya zo zance da mota, sai na ji numfashin 'yata Nagode yana fita da ƙyar. A asibitin Talata Mafara likita ya ce ciwon haƙarƙari ne. Ba su da maganin, sai kemis. Sai da mijina Sallau ya sayar da takin da ya ajiye wa shinkafarsa ta bakin dam kafin kwalba ɗaya ta samu. Likita ya ja mini kunne: ta shanye duka ko da ta warware, in aka tsaya a rabi ciwon zai dawo da ƙarfinsa.

Alhamis, 11 ga Agusta
Ta kama nono. Alhamdu lillahi.

Juma'a, 12 ga Agusta
Nasidi, ɗan Taiba matar wan Sallau, ya soma irin tarin Nagode. Su ba su da abin sayarwa. Inno, uwar mijina, ta shigo ɗakina da cokali a hannu. Haka ake a gidan nan: magani in ya shigo, ita ke raba shi kamar naman suna, kowane marar lafiya da kasonsa. Bara haka ta raba na zazzaɓi, ba wanda ya warke sarai.

Na ce a'a. Ni Turai, da ko ido ban taɓa haɗawa da ita ba.

"Nasidi ba ɗanki na ba?"

Na ce ɗana ne, amma rabin kwalba ba ya warkar da kowa, sai mu rasa su biyun. Ta ce karatun ƙarya ne ya ɓata ni. A bar shi a haka.

Asabar, 13 ga Agusta
Kwalbar tana ɗaure a ƙuguna, ƙarƙashin zane. Sallau ya ce in ba da ko kaɗan ne, don zaman gida. A littattafai miji bayan matarsa yake tsayawa. To.

Taiba kuwa har ruwa ta ɗebo mini. Da zagina ta yi, da ya fi mini sauƙi. Na cire 'yan kunnena na ba ta a kai kasuwa. Ba za su isa ba, ni da ita mun sani.

Lahadi, 14 ga Agusta
Ina jin tarin Nasidi ta bayan danga. Ɗazu na kama kaina ina rera wa Nagode waƙa da ƙarfi, alhali barci take. Ban san haka nake ba.

Inno ta ce da kanta za ta kwance mini zane. Gobe da sassafe zan goya Nagode mu tafi Damaga, gidan Bappa, ƙanen mahaifina. Ba zan dawo ba sai kwalbar ta ƙare.