Tsamiyar Inna ta fito daga ruwa

Zuwa ga Yaya Sahabi,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Yaya Kulu da yara. Ya sanyin Jos? Mu nan Yelwa lafiya lau.

Yaya, ruwa ya ja baya ƙwarai bana, har kututturan tsohon garinmu da dam ya cinye sun fito. An aiko daga Sakkwato cewa mu riƙa fita da ɗalibai su ga itatuwa da idonsu, sai na kai 'yan ajina bakin ruwa. A hanya na nuna musu ɗorawa da kaɗanya da giginya. Amma kututturan nan ba ganye ba ɓawo, ni kaina na kasa bambanta su.

Sai wata ɗalibata, Hajo, ɗiyar wasu masunta baƙi daga Ngaski, ta dafa wani ta ce, "Malam, wannan tsamiya ce. Mai ita ta ce a daina ɗaure jirgi jikinta, tagwayenta suna kwance ƙasa."

Na ce wa ya gaya mata. Ta ce, "Tsohuwar da ke tsaye bayanka." Na waiwaya, ba kowa sai ruwa.

An haifi yarinyar nan bayan rasuwar Inna. Don Allah, Yaya, ka taɓa faɗa wa wani inda aka rufe ƙannenmu tagwaye? Ni dai ban taɓa ba.

Ka sa mu cikin addu'a, ka gaida mutanen gida. Igiyar jirgin da ke ɗaure jikin kututturen kuwa na je na kwance ta da hannuna.

Ƙanenka,
Garba