Rijiyar Ƙofar Gidana

Zuwa ga 'yata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki. Yaya jikin amaryata, jikar tawa? Allah ya ƙara sauƙi.

Tunda kin daina ɗaukar wayata, bari in tuna miki a rubuce. Shagon waldar nan ni na kafa shi, ba wanda ya miƙo min ko guduma. Gidan da kika girma a ciki, a bayan kwali na zana shi. Rijiyar ƙofar gida ni na ɗaure ta da siminti, na ƙera mata murfi, na bar wa layinmu kyauta. Shekara tara ana sha.

Yanzu wani ma'aikacin lafiya, wanda na girmi babansa, ya ɗebi ruwan a 'yar kwalba, wai shi ya sa wa yara bakwai taifot, har da taki. Ruwan da ake hango ƙasan guga! Wai ƙwayar cuta ba a ganinta da ido. To ni ma na zauna a ajin sakandare. Mu jira sakamako, za ki ji kunya.

Naki,
Baba

Zuwa ga 'yata,

Ina gaishe ki. Mamanki ta ce an cire wa yarinyar ƙarin ruwa, har ta nemi abinci. Alhamdu lillahi.

Sakamako ya fito. Ramin masan da na haƙa wa ɗakunan haya bara ne yake tsiyaya cikin rijiyar. Tun a lokacin magini ya ce a matsar da shi can baya, na auna taku goma sha biyu da ƙafata, na ce ya wadatar, ya yi aikinsa ya bar min nawa. Da hannuna na riƙa ba yarinyar nan ruwan a kofina.

Ban jira kowa ba. Jiya na cike rijiyar da ƙasa, na liƙe murfin da walda. Bayana har yanzu bai miƙe ba.

Amma abin haushi, a takardar da suka manna a asibiti sun rubuta wai hukuma ta rufe rijiyar "wani mazaunin layi". Wani! Tunda kullum kina can, ki sa su gyara. Su rubuta sunana cikakke: ni na haƙa, ni na ɓata, ni na rufe.

In an sallame ta, ki kawo min ita. Dafaffen ruwa muke sha yanzu.

Naki har kullum,
Baba