Ranar da Malam Sodangi Ya Ɗaga Hannu

Dutsin-Ma, 9 ga Afrilu, 1962

Zuwa ga ɗana Malam Maniru,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fatan kana lafiya, da mutanen gida da duk jama'ar Kurfi. Mu nan lafiya lau, sai zafin bazara.

Labari ya iso mini cewa ka dawo daga kwalejin horon malamai, an ba ka hedimastan Kurfi, an kuma ɗora maka duba makarantun wannan yanki. Wallahi ranar da na ji, kowa na gamu da shi sai na ce masa ni na koya maka riƙon fensir. Allah ya ƙara ɗaukaka.

Bayan haka, wata 'yar bukata ce da ni. Sabuwar manhaja ta zo da darasin kimiyya a aji bakwai, wai sauti da yadda yake tafiya. Littafin da Turanci yake, ka kuwa san Turancina na zamanin da ne. Na karanta shafin sau huɗu, ban fita da komai ba. Shekara ashirin da uku ina gaban allo, saura biyu in huta, ba na so yara su gane malaminsu bai san abin da yake faɗa ba. Ka taimaka ka fayyace mini shi da Hausa.

Ɗiyata Lauratu, wadda yanzu take koyar da 'yan mata na aji ɗaya a makarantarmu, tana gaishe ka.

Ka huta lafiya. Ni ne malaminka,
Sodangi

Kurfi, 17 ga Afrilu, 1962

Zuwa ga Malam Sodangi,

Allah ya gafarta Malam. Bayan gaisuwa da ladabi, takardarka ta same ni lafiya. Ga bayanin da ka nema.

Sauti karkarwa ce. Duk abin da ya yi ƙara, to yana karkarwa ne. Ka sa a kawo ganga, ka zuba gero kaɗan a kan fatar, ka buga. Yara za su ga geron yana tsalle.

Karkarwar nan tana ture iskar da ke kusa da ita, wannan iska ta ture ta gaba, haka har ta kai kunne. Ka kai su bakin tafki ka jefa tsakuwa. Igiyar ruwa za ta bazu ta ko'ina, amma karan da ke yawo a kan ruwan ba zai bi ta ba, sai dai ya hau ya sauka a inda yake. Haka sauti yake a cikin iska: motsin ne ke tafiya, ba iskar ba.

Ba nan take yake isowa ba. Yana cin wajen mil ɗaya a sakan biyar. Shi ya sa in mace tana daka daga nesa, za ka ga taɓarya ta sauka kafin ka ji ƙarar. In ya ci karo da dutse sai ya dawo, shi ne amsa-kuwwa. In makaɗi ya matse kalangu, fatar ta ƙara saurin karkarwa, muryar ta yi sama.

A cikin kunne akwai wata fata siririya, ita ce ke karɓar motsin. Ba ta da kauri ko kaɗan.

Na ba Alhaji Garba mai hatsi wani ƙarfe mai yatsu biyu ya kawo maka ranar kasuwa. In ka buga shi a gwiwa zai yi ta waƙa shi kaɗai. Kayan makaranta ne, a kula da shi.

Haza wassalam. Ɗalibinka,
Maniru Ahmadu

Dutsin-Ma, 14 ga Mayu, 1962

Ɗana Maniru,

Bayan gaisuwa, Allah ya yi maka albarka. Ban taɓa yin darasi mai daɗin wannan ba. Da geron ya fara tsalle a kan ganga, ajin ya kaure, har masu barcin baya suka hau kan benci. Ranar Laraba na kai su gindin dutse, na sa suka yi kira, kowa yana ihun sunansa yana dariya.

To, a nan ne zan gaya maka abin da ban gaya wa kowa ba sai Lauratu. Ban ji amsa-kuwwar ba. Fuskokinsu na duba, da na ga sun yi dariya ni ma na yi.

Yau shekara uku ke nan kunnuwana suna rufewa, tun wani zazzaɓi da na yi. Na dama ya tafi gaba ɗaya, na hagu saura kaɗan. Baki nake kallo in gane magana. Shi ya sa na daina juya wa aji baya, sai in rubuta komai a allo kafin su shigo. Kiran salla ma, in na ga Malam Rabo maƙwabcina ya ɗauki buta, sai in ɗauki tawa.

Ƙarfen da ka aiko, na buga shi na kai kunne, shiru. Ina juya shi haka nan sai na ɗora gindinsa a kan haƙorina. Maniru, na ji shi! Siririyar murya, tsaf, a tsakiyar kaina. Na zauna a ɗaki na yi ta bugawa ina cizawa kamar yaro, hawaye na zuba. Me ya sa haƙori ke ji abin da kunne ya kasa? Ka bayyana mini.

Na amince maka ne don kai ɗa ne. Ka rufa mini asiri shekara biyun nan su wuce, in sauka da mutuncina.

Malaminka,
Sodangi

Kurfi, 21 ga Mayu, 1962

Allah ya gafarta Malam,

Bayan gaisuwa, na karanta takardarka da kyau. Amsar tambayarka ita ce, sauti yana bin ƙashi kamar yadda yake bin iska, har ya fi gudu a cikinsa.

Ranar Alhamis, 7 ga Yuni, zan zo duba makarantarku tare da wani jami'i daga ofishin ilimi. Ina so ka maimaita darasin sauti a gabansa, ya ga aikin tsofaffin malamai. Ka kwantar da hankalinka.

Ɗalibinka,
Maniru Ahmadu

Dutsin-Ma, 2 ga Yuli, 1962

Malam Maniru,

Sallama ce kawai zan yi maka, don addini ya ce a yi. Ni ce Lauratu. Baba bai san na rubuto ba.

Ina tsaye a bakin taga ranar, na ga komai, kuma zan rubuta maka shi don kada wata rana ka gaya wa kanka ba haka aka yi ba.

Baba ya sa farar rigarsa ta salla. Tun asuba ya sa aka dafa maka kaza. Darasi ya tafi daidai, geron ya yi tsalle, baƙon yana gyaɗa kai yana rubutu. Sai ka miƙe ka ce, "Allah ya gafarta Malam, saura gwaji ɗaya. Mu nuna wa yara cewa sauti ba ya bukatar ido. Ka juya ka fuskanci allo. In ka ji ƙarfen nan ya yi ƙara, ka ɗaga hannu."

Na ga yadda ya dube ka. Ya ce, "Maniru, ko wani yaro ya yi?"

Ka ce, "A'a, Malam ya fi dacewa."

Ya juya. Kai kuwa ka ajiye ƙarfen a kan tebur, ka naɗe hannu, ba ka buga komai ba. Baba yana tsaye, gumi ya jiƙa bayan rigarsa, yana ƙirga lokaci a ransa. Can sai ya ɗaga hannu a hankali, ya ce, "Na ji."

Yara arba'in suka fashe da dariya. Ita ma dariyar bai ji ta ba. Yana nan hannu a sama, sai da ka taɓa kafaɗarsa ya waiwayo. Ka ce wa baƙon, da Hausa, don kowa ya ji, "Ka gani da idonka, ranka ya daɗe."

Takardar sallama ta zo makon jiya. Amma ba ita ce ta karya shi ba. Yanzu in ya fita, yaran da ya koyar sai su tare shi su yi ta motsa baki ba tare da sun ce komai ba. Shi kuma ya sunkuya yana cewa, "Me ka ce, ɗana?" Wasu in sun hango shi sai su ɗaga hannu su ce, "Na ji!" Manya ma sun ɗauka, har a mahauta. Ya daina zuwa masallacin Juma'a. Yana zaune a zaure yana kallon bango.

Da ka rubuta rahoto a ɓoye, da an sallame shi ba wanda ya sani. Ka zaɓi ka yi haka. Kuma bayan an tashi ka zauna ka ci kazar. Me ya yi maka?

Lauratu Sodangi

Kurfi, 10 ga Yuli, 1962

Malama Lauratu,

Amin wa alaikis salam. Duk abin da kika rubuta haka aka yi, ban musa ko ɗaya ba. Kin yi tambaya, ga amsa. Ki ba shi ya karanta da kansa.

A damunar 1951 ina aji huɗu, shekarata goma sha ɗaya. Hadari ya taso muna cikin darasin lissafi. Aka yi walƙiya, can daga baya aradu ta faɗi. Na ɗaga hannu na ce, "Malam, me ya sa ake ganin walƙiya kafin a ji tsawa?" Ya ce ikon Allah ne. Na ce, "Na sani, Malam, amma ta yaya?" Wani a baya ya yi dariya.

Ya kira ni gaban allo. Ya ce, "Kai ne za ka gwada ni?" Ya buɗe tafin hannunsa ya kwaɗa mini mari a kunnen hagu. Na ji wani abu ya fashe a ciki. Da na koma benci jini yana bin wuyana, ya ce in goge kada in ɓata littafi. Wata biyu kunnen yana zubar da ruwa. Mahaifina ya bar maganar, don a lokacin ba a kai ƙarar malami.

Tun daga ranar ban sake ji da wannan kunne ba. Na ci jarrabawar shiga aikin wayar tangaraho, abin da na fi so a duniya, likita ya duba ni ya mayar da ni gida. Matata ta san gefen da za ta zauna in tana so in ji ta. In ɗana ya yi kuka a waje, sai in fita ina juyawa kamar mahaukaci, don da kunne ɗaya ba a gane inda sauti ya fito.

Shekara goma sha ɗaya ina jira ya ambaci ranar ko sau ɗaya. Sai ga takardarsa yana kirana ɗa, yana so in koya masa amsar tambayar da ya fasa mini kunne a kanta. Na koya masa. Sa'an nan ya ce in tausaya wa kunnuwansa.

Zan iya ce miki malamin da ba ya jin karatun yara bai kamata ya riƙe aji ba, kuma gaskiya ne. Amma ba don haka na yi ba. Na so ya tsaya a gaban allo ana dariya. Na zaci zan ji sanyi a raina. Ban ji ba tukuna.

Abu ɗaya nake nema. Ya rubuto da hannunsa ya ce ya tuna ranar. In ya yi, zan zo Dutsin-Ma da kaina in tsawata wa yaran nan, in durƙusa a zaurensa a gaban mutane.

Maniru Ahmadu

Dutsin-Ma, 29 ga Yuli, 1962

Malam Maniru,

Bayan gaisuwa. Lauratu ta ba ni takardarka. Sama da mako biyu ina karanta ta.

Ta ce in rubuta maka na tuna, kowa ya huta. Na ɗauki alƙalami sau da yawa. Amma na yi ƙarya sau ɗaya a gabanka, ka ga yadda ta ƙare, ba zan ƙara ba.

Na bi damunar 1951 rana rana. Na tuna ajin, na tuna inda rufin yake yoyo. Na roƙi Allah ya nuna mini fuskarka da jinin nan. Na mari yara da yawa a shekarun nan, Maniru. Na rubuta sunayen waɗanda na tuna, sun kai sittin da ɗaya. Babu naka a ciki.

Ban ce ban yi ba. Tunda ka faɗa, na yi. Amma ban tuna ba.

Ba sai ka zo ba.

Wassalam,
Sodangi