Kwalaben Cikin Firiji

'Yata,

Sallama irin ta Musulunci. Yaya aiki da iskar bakin teku?

Ɗana, mai gidanki, ba ya jin daɗi. Amai yake yi, ciki na murɗa masa, shi ya sa na tare a gidanku. Ina neman ruwan sanyi a firiji na ga kwalabe can ƙasa, da wani ruwa mai kalar shayi, an nannaɗe su da baƙar leda. A saman kabad kuma ga wasu manyan wake da ban taɓa ganin irinsu ba. Ba na son zato, na san zunubinsa. Tambaya kawai nake: mene ne wannan, kuma me ya kawo shi kusa da abincinsa?

Allah ya yi miki albarka.
Mama

Mama,

Na gaishe ki da ladabi. Hankalina ya tashi. Waken na wata ciyawa ne mai yaɗo a rairayin bakin teku, ruwansa ne a kwalaben. A wurin aiki muke jiƙa shi mu tace, muna duba sinadaran cikinsa ko akwai mai rage sukarin jini. Ɓeraye kaɗai muke ba wa, don ɗanyensa guba ne. Firijin wurin aikinmu ne ya lalace na kawo su gida, kuma na gargaɗe shi. Don Allah a kai shi asibiti yau, kada a taɓa kwalaben.

'Yarki

'Yata,

Na amsa gaisuwa. An kai shi, likita ya ce abu ya ci.

Ban taɓa kwalaben ba, ido kawai na sa. Kin ce na aiki ne, to ɗaya ta kusa rabi, bakinta ma da alamar an sha buɗewa. Ɓeran gidan nan dai ba ya buɗe firiji. Ƙannensa sun ce in tafi da shi gidana, a kira iyayenki. Na ce su dakata. Amma ba zan ɓoye miki ba, shayin da kika haɗa masa kafin ki tafi na ɗauke shi.

Mama

Mama,

Cike na bar su, Allah shaida. Idan za a kira iyayena, a kira. Amma kafin nan ki tambaye shi dalilin da ya sa ya daina saka sukari a shayi tun bara, da dalilin da yake canja zance in na ce a gwada jininsa.

'Yarki

'Yata,

Salamu alaikum. Na zaunar da shi na tambaye shi. Ciwon sukari gare shi, ya ɓoye mana duka, wai tsoron allura. Ya ji kina cewa cokali nawa ake ba ɓera, sai ya ce shi da ya fi ɓera girma, ludayi ya dace da shi. Mutum da furfura!

Na hana a kira kowa. Ki dawo gidanki. Akwai maganar da zan yi miki, ba ta takarda ba ce, sai ina kallon idonki.

Mamanki