Asabar Ɗin Anti Marta

Daga Zariya

Yaya Hure,

Gaisuwa mai yawa. Ya Inna da Baba, ya mutanen Tofa? Ya aikin gyaɗa? Ni lafiya lau, Gwaggo tana kula da ni, makaranta ma ba laifi. Sai dai abu ɗaya.

Kin tuna Anti Marta, nas ɗin da take zama da 'yanmata kyauta ranar Asabar, tana nuna musu hanyar shiga makarantar jinya? Ta ware mini lokaci ni kaɗai. Yaya, ban je ba. Kin san Inna ba ta barinmu mu je gaban babba hannu rabbana, sai na ce bari gyaɗar gida ta iso. Asabar ta wuce, wata ta biyo, ina ɗaki da littafina, kunya ta hana ni ko aika saƙo.

Jiya muka haɗu a bakin asibiti, na faɗa mata dalili kaina a ƙasa. Da ma faɗa ta yi. Cewa kawai ta yi, "Haba Aina'u, ke nake jira, ba tsaraba ba. Har la'asar na zauna." Ta riga ta ba wata gurbina, sai baɗi.

A littattafan soyayya mai jira ba ya tashi. Ashe na gaske yana da aikin yi.

Don Allah kar ki gaya wa Baba tukuna. Na ji har ya fara kirana nas a majalisarsu.

Ƙanwarki,
Aina'u