Gero Ɗaya, Rumbu Shida

Madarumfa, daren Laraba, bazarar 1949

Bayana kamar an daka a turmi. Yau Kumandan, Baturen mulki, ya zo duba rumbunan tsimi, waɗanda Nasara suka ce kowane gida ya cika saboda baƙar shekara. To, baƙar shekarar ai tun bara ta zo, mun cinye. Geron unguwarmu duka bai wuce cikin rumbu ɗaya ba, kuma mai rumbu fayau sai bulala.

Baba Ɗanjimma mai unguwa ya kawo dabara. Da Kumandan ya leƙa rumbu ya sauko, sai tsofaffi su tsare shi da gaisuwa da fura, mu kuwa mu kwashe dammunan ta bayan danga zuwa gida na gaba. Haka geron nan ya zaga gida shida a kawunanmu. Mutumin ya sha fura har ya sassauta ɗamara.

Da la'asar tafinta ya ce, "Mushe Kumandan ya yaba ƙwarai. Ya ce tunda kun wadata, geron taimakon da aka ware muku garin Ɗan Issa za a kai."

Baba ya durƙusa ya ce, "Mun gode."

Furar ma da geron iri aka dama ta.